Yadda za ka gwada ko ɗalibai sun iya neman bayani

Da farko kar ka fara da lacca. Ba su tambaya ɗaya su nemo amsarta a katalog ɗin laburare da Google Scholar (shafin neman rubuce-rubucen masana) cikin minti 20.

Na biyu, kowa ya rubuta kalmomin da ya yi bincike da su, wallahi nan ne matsalar take, wasu jimla sukutum suke zubawa, ba su san amfanin AND da OR (kalmomin Turanci da ake haɗa kalmomin bincike da su) ba balle su tace sakamako da shekara.

Sai ka tambaye su kan abin da suka samo, wa ya rubuta, yaushe, masana sun tantance shi kuwa?

Sannan su rubuta madogarar, wato inda suka samo bayanin, a tsarin APA (wani sanannen salon rubuta madogara).

Inda suka fi tuntuɓe a nan za ka gina darasinka, in an gama ka sake gwada su da wata tambayar.