Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen gwada kayan sauti a taron hi-fi

Gaskiya na gaji da ganin abu ɗaya a duk taron masu harkar hi-fi, wato kayan sauraren kiɗa masu fitar da sauti tsaf, sabon shiga zai faɗa ɗaki ya zauna minti biyu, ya fito yana rantse-rantse wai wannan sifikar ta fi waccan nesa ba kusa ba. To malam me ka gwada?

Babban abin da ke cutar mutane shi ne rashin daidaita boliyum kafin a fara. Kunnen ɗan Adam haka Allah ya yi shi, duk na'urar da ta ɗan fi ƙara, ko da desibel 1 ne (dB, ma'aunin ƙarar sauti), zai ce maka ita ta fi daɗi, bes ɗinta, wato sautin nan mai kauri, ya fi cika, muryar mawaƙi ta fi fitowa. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa kunne ba ya kama bes da siririn sauti yadda ya kamata, ana ƙara shi sai su bayyana. Kuma sifiku ba ƙarfinsu ɗaya ba, wata a rubuce 85 dB wata 91 dB, in ka bar boliyum a wuri ɗaya ka sauya su wallahi ba gwaji ka yi ba, ta biyun ce za ta ci ko da kwali aka yi ta. Ni a kan wannan na taɓa rabuwa da amfilifaya (na'urar da ke ba sifika ƙarfi) mai kyau na ɗauko wata mai tsada, saboda mai nunawa ya ɗan murɗa tasa sama ban lura ba, sai da na haɗa a gida na auna na ga babu wani bambancin da ya kai kuɗin. Har yau abin na ci min rai. Yanzu ba na zama sai an sa sautin gwaji na 1 kHz, wato amo guda da ba ya hawa ba ya sauka, in amfilifaya ce in ɗora mita a bakin wayar sifika in ga boltej ya zo ɗaya, in sifiku ne in auna da na'urar auna ƙara daga kujerar da zan zauna. Wanda ya ƙi yarda in auna, na san abin da yake ɓoyewa, tashi nake.

Na biyu, kuma haba jama'a, ku daina saurare da ido! Ka shigo ka ga katako yana sheƙi, an raɗa maka farashi, tun kafin a kunna ka gama yanke hukunci. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive sun gwada mutane da wasu sifiku, sau ɗaya suna ganinsu sau ɗaya an rufe su da labule, makin da suka bayar ya canja, har da ƙwararrun cikinsu. Kai waye da za ka ce naka kunnen ya fi ƙarfin haka? Juya baya, ko ka rufe ido wani ya riƙa sauya maka ba tare da ya faɗa ba. Kuma sauyin ya zama nan take, don kunne ba ya riƙe ainihin sauti sai 'yan sakanni, wanda ka ji a wani ɗaki kafin azahar ba za ka iya kwatanta shi da na la'asar ba.

Ɗakin ma nasa yake yi. Yawancin irin taron nan a ɗakunan otal ake yi, bes ya taru a kwana ya yi ta gunji, kai kana tsaye jikin bango kana zagin sifika. Jira kujerar tsakiya, inda kai da sifikun biyu tazararku ta zo ɗaya, ni ko layi ne ina bi.

Zo da waƙoƙinka da ka haddace, har da wadda ba a ɗauke ta da kyau ba, don mai kaya wadda ke rufa wa kayansa asiri zai sa maka. Kar a sauya sifika da kebul da faifai lokaci guda, abu ɗaya ake canjawa. In kunnenka ya gaji fita ka huta. Sannan dan Allah in an kunna a yi shiru, surutun wayarka ka kai shi waje.