Kurakuran da ke kashe ƙamshin ganyen shayi a gida

Sau da yawa idan shayi ya yi lami sai a ɗora wa mai shago laifi, a ce tsohon ganye ya sayar, alhali a cikin gida ya lalace. A masana'anta ana busar da ganyen har danshin da ya rage ya koma kusan kashi 3 cikin 100, shi ya sa yake zuƙar duk danshi da warin da ke kusa da shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yage bakin kwali a bar shi a kanta, dab da risho ko gas, tururin tukunya na dukansa safe da yamma. Da hunturu ba a cika gane ɓarnar ba. Amma a markar Agusta ta Kaduna, lokacin da gishiri ma ke narkewa a mazubinsa, nan da nan ganye ke yin laushi. Ki murza kaɗan tsakanin yatsunki: idan ya marmashe, lafiya lau, idan ya lanƙwashe, ya sha danshi. In kuwa har ya yi funfuna, don Allah a zubar, tafasawa ba ta kashe gubar da funfuna ke bari. Maganin bai wuce gwangwani mai murfin da ke matsewa sosai ba, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, a juye ganyen a sa cikin kwaba nesa da wuta. Kada a riƙa ɗiba da jiƙaƙƙen cokali.

Sai maƙwabtaka da daddawa, busasshen kifi, kananzir ko turaren wuta. Leda marar kauri ba ta hana wari shiga, gwangwanin da ya taɓa zama da yaji kuma ba ya mantawa. Ko citta da kanumfari da muke so a shayi, gara a ajiye su daban, a haɗa su a buta.

Firji ya fi ba ni takaici, domin da kyakkyawar niyya ake sa ganyen ciki. Da an fito da shi raɓa ta kwanta masa, ga ɗauke wuta da ke sa cikin firjin zufa. Kwalba mai nuna ciki a bakin taga ma ba ta dace ba, hasken rana na kashe ɗanɗano.

Baƙin ganye, irin Lipton ko Highland na tsaunin Mambilla, yana iya wuce shekara idan an rufe shi da kyau. Koren ganyen da ake shayin Buzaye da shi ya fi saurin yin lami, ƙamshinsa kan fara gushewa bayan kamar wata 6. Don haka idan kin shiga Kasuwar Barci ko ta Sheikh Gumi, ki sayi daidai na wata ɗaya ko biyu, kuma kada ki zuba sabo a kan tsoho sai gwangwanin ya ƙare.