Yadda na gyara matsalar kifewar jirgina a Legas

Tun da damina ta kama, duk ranar da iskar teku ta taso da la'asar sai ƙaramin jirgina na ruwa, ƙirar Laser, mai tafiya da filafili (ƙyallen da iska ke turawa), ya kife da ni. Sau uku a Asabar ɗaya. Na ɗauka rashin iyawa ne, har na fara tunanin sayar da shi.

Wani dattijo da ya daɗe yana tuƙi a inda nake shiga ruwa ya tambayi nauyina. Na ce kilo 62. Ya ce, "Ɗana, filafilin nan ya fi ƙarfinka." Gaskiya ne: babban filafilin ya ɗan haura murabba'in mita 7, na masu jiki ne. Ko na miƙe daga gefen jirgin har bayana ya taɓa ruwa, ba na iya danne jirgin.

Na koma ƙaramin filafilin da ake kira Radial, mai kusan murabba'in mita 5.8. Ban sayi sabon jigo, wato sandar da ke riƙe filafilin, gaba ɗaya ba. Guntun ƙasa kawai na canza, ya fi gajarta kuma yana lanƙwasa, sai ya zubar da iskar da ta yi yawa. Na kuma koyi ɗaure igiyar da ke jan filafilin ƙasa tamau idan iska ta tsananta.

Makon jiya na yi awa biyu a ruwa, ban kife ba ko sau ɗaya.