Yadda ake kare batirin mota mai ɗaki daga daskarewa a lokacin hunturu

Kuskuren da na fi gani wajen sababbin masu motar nan mai ɗakin kwana da kicin, musamman a Kanada da arewacin Amurka, shi ne su lulluɓe batir da bargo a watan Nuwamba, su kulle mota, suna ganin sun gama. Bargo ba ya samar da ɗumi. Abin da ke hana batir mai ruwan asid daskarewa shi ne cikar cajinsa. Cikakken batir sai sanyi ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius kafin ruwansa ya daskare, amma idan caji ya ƙare, asid ɗin ya koma jikin farantan dalma, abin da ya rage kusan ruwa ne zalla, kuma digiri 7 ƙasa da sifili ma ya ishe shi. Ƙanƙara kuwa kumbura take yi, har ta tsaga jikin batir.

Saboda haka ka fara da caji har ya cika, ka bar shi ya huta na wasu sa'o'i, sannan ka auna da mitar auna ƙarfin wuta. Abin da kake nema shi ne volt 12.6 ko sama. Mitar ba ta da tsada, ko kusa ba ta kai kuɗin sabon batir ba.

Mataki na gaba shi ne wanda ya taɓa jawo mini asara. Kashe fitilu bai wadatar ba, domin na'urar gano yoyon gas da agogo da rediyo suna ci gaba da tsotsar wuta a ɓoye, cikin 'yan makonni sai su shanye batir. Ka kwance waya daga kan batir, ka fara da ta nagatif, wato mai alamar (-), don gudun tartsatsi, kuma ka tuna batir biyu ne, na inji da na ɗaki. Ni dai na fi son a cire su gaba ɗaya, a ajiye a gareji busasshe, a haɗa su da ƙaramar caja mai tsayawa da kanta.

Ka riƙa aunawa duk wata, da ya sauka zuwa 12.4 ka sake caji. Batirin litiyam ba a yi masa caji idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri sifili, domin yana lalacewa. Wanda ka tarar ya kumbura ko ya daskare kuwa, kada ka jona shi da caja, yana iya fashewa.