Babi na 6: Yadda Suwic Ke Raba Saƙo

Darasi na 1

Ku dubi akwatin nan mai ramuka takwas da 'yan fitilu masu ƙyaftawa. Sunansa suwic. Irinsa ne a shagunan buga takardu na titin Ahmadu Bello. Wayar kowace kwamfuta tana shiga rami ɗaya. Kowace kwamfuta kuma tana da lambarta tun daga masana'anta, ana kiranta adireshin MAC: haruffa da lambobi 12, a jere biyu-biyu. Ba sai kun haddace ba.

Darasi na 2

A nan ake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Kowane saƙo yana ɗauke da adireshi biyu: na mai aikawa, da na mai karɓa. Da na mai aikawa suwic ke koyo. Ku maimaita: na mai aikawa.

Ku ɗauke shi kamar sabon mai gadi a gidan haya. Ya ga Malam ya fito daga ɗaki na 2, sai ya rubuta a littafinsa: Malam, ɗaki na 2. Fitowa ce ta koya masa. Idan an kawo wa Hajiya wasiƙa alhali bai taɓa ganin fitowarta ba, sai ya buga kowace ƙofa, ban da wadda wasiƙar ta fito. Hajiya na amsawa, ya gane ɗakinta, ya rubuta. Daga nan kai tsaye zai riƙa kai mata.

To, da wane adireshi yake koyo? Na mai aikawa. Madalla, Baba! Wanda ya kuskure kada ya ji kunya, sannu ba ta hana zuwa. Amma fisabilillahi, makon jiya sau nawa na faɗa, rabin ajin nan suka rubuta "mai karɓa"? Ku ajiye wayoyinku ku saurara. Na mai aikawa!

Kwamfutar da ta yi shiru kamar daƙiƙa 300 (minti biyar), yawancin suwic sukan goge ta daga littafin.

Darasi na 3

Akwai wata na'ura da ake kira gada, yayar suwic ce, yawanci ɓangare biyu take haɗawa. Ku tuna gadar Kogin Kaduna: saƙon Tudun Wada zuwa Kawo ba ya hayewa, don gefe ɗaya suke, na Barnawa ne ke hayewa. Ita ma da na mai aikawa take koyo.

Darasi na 4

Kada ku soka duka bakuna biyu na waya ɗaya a suwic guda, saƙo zai yi ta kewayawa har komai ya tsaya. Wata masaniyar kwamfuta, Radia Perlman, ta samo maganin haka a 1985, amma ba kowane ƙaramin suwic ke da shi ba.

Darasi na 5

Fitila ba ta kama ba? Duba wayar.