Ku sa allon ya rubuta abin da ke damunsa

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wata shawara ga masu haɗa na'ura da ESP32 ko Arduino, wato ƙananan allunan lantarki da ake rubuta wa manhaja.

Kwanakin baya na haɗa wa wani Alhaji a Hotoro na'urar kunna famfon tanki. A kan teburina lafiya lau, a gidansa kuwa sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Kwana uku ina zargin manhajar da na rubuta, ashe ba ruwanta.

Sai na ƙara mata katin SD da agogon DS3231, na sa tana rubuta lokaci da matakin da take kai. Duk tashi kuma ta fara rubuta dalilin da esp_reset_reason(), umarnin ESP32 da ke faɗin abin da ya sa allon ya sake farawa, ya bayar. Washegari na buɗe fayil ɗin, amsa a fili: da famfon ya tashi sai wuta ta yi ƙasa, allon ya sake farawa. Na raba musu wuta, shi ke nan.

Don Allah kar ku manta da flush(), umarnin da ke tura rubutun cikin katin nan take, bayan kowane rubutu. Kun san halin NEPA, in aka ɗauke wuta kafin nan, layukan ƙarshe sun tafi, kuma su ne kuke nema. Batirin agogon, CR2032, ku gwada shi tun a shago.