Noman buhu a gidan haya: yadda nake yi a Jos

Duk wadda take son yin shuka a tsakar gidan da aka malale da siminti, kafin ta sayi iri ko ta fara tara buhuna, ta ware yini guda ta bi rana da ido. Ki duba inda take sauka da hantsi, inda take tsayawa da azahar, da lokacin da inuwar katangar maƙwabta ke rufe wurin. Gidajenmu na Rikkos da Unguwar Rogo da Gangare a matse suke, gini a jikin gini, don haka hasken rana ya fi fili wuyar samu. Tumatir da attaruhu da kuɓewa suna son rana ta yi awa 6 a kansu kullum. Alayyafo da salak da na'a-na'a da lawashi za su yi haƙuri da awa 4. Wurin da bai samu ko wannan ba, kada ki wahalar da kanki, shukar za ta zanƙale siririya, ta koɗe, ta kwanta. Ki sani kuma rana na sauya hanya. Lokacin sanyi takan karkata kudu, da damina ta dawo tsakar ka. Shi ya sa nake son buhu: idan inuwa ta cim masa sai in ja shi gaba.

Sai maganar abin da za a shuka, kuma a nan ra'ayina a fili yake. Mu da ke Jos, Allah ya hore mana kasuwar Farin Gada. Kabeji da karas da koren wake da kokwamba daga nan ake loda su zuwa Abuja da kudu. Kabeji zai riƙe miki buhu kusan wata uku ya ba ki kai ɗaya tak, wanda da kin leƙa kasuwa za ki saye shi ba tare da kin ji a jikinki ba. Wurinki kaɗan ne, ki ba wa abin da za ki yanka yau ya sake tohowa: alayyafo, yakuwa, rama, lawashin albasa, salak, na'a-na'a, da attaruhu wanda gindi ɗaya kan haura shekara yana ba da 'ya'ya idan ana kula da shi. Su ne abubuwan da ake aiken yaro saye kullum, 'yan kuɗin da ba a lissafa su sai wata ya ƙare a rasa inda cefane ya tafi.

Mazubi ba abin damuwa ba ne. Buhun shinkafa mai kilo 50, bokitin fenti mai lita 20 da aka kankare aka wanke tas, bahon wanki da ya tsage, duk suna yi. Abin da ya taɓa ɗaukar baƙin mai ko maganin ƙwari ko na ciyawa kam a jefar da shi. Buhu ki naɗe bakinsa har zurfinsa ya dawo kamar kamu biyu, ki huda gindinsa da gefensa na ƙasa wuri goma ko fiye. Bokiti a huda shi da ƙusa mai zafi. Kada ki ajiye su kai tsaye a kan siminti, ki ɗora a kan bulo biyu ko duwatsu, ruwa ya samu hanyar fita, daɓen mai gida kuma kada ya yi gansakuka a zo ana sa-in-sa. Buhu dai rana na cinye shi, da wuya ya wuce shekara bai fara farfashewa ba. Masu son jera shuka a saman bene su tuna jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, a jera a bakin gefe inda ginin ya fi ƙarfi, kada a tula a tsakiya.

Ƙasa ita ce aikin gaba ɗaya. A gona saiwa na yawo ta nemo abinci da ruwa inda suke. A buhu babu inda za ta je, abin da kika zuba mata shi ne rabonta. Jar ƙasar da ake tonowa wajen haƙa harsashin gini, idan kika cika buhu da ita zalla, ranar da ta sha ruwa ta bushe za ta dunƙule ta ƙame, saiwa ta kasa ratsa ta. Tarin ƙasar da aka bari a tsofaffin wuraren haƙar kuza ita ma ba ta da abincin shuka. Ta bola kuwa, duk baƙinta da kyan ganinta, ina guje mata saboda batura da kwalabe da robobin da ake ƙonawa a ciki, ganyen nan cikin 'ya'yanki zai shiga. Ki nemi baƙar ƙasa ta sama daga gona ko gindin bishiya, ko ki saya wurin masu sayar da furanni na bakin titi.

Haɗin da nake yi: bokiti biyu na baƙar ƙasa, bokiti ɗaya na takin da ya ruɓe, bokiti ɗaya na yashi ko buntun shinkafa. In baza a kan leda, in tsince tsakuwa da saiwoyi, in juya sosai, in yayyafa ruwa. Daga nan sai gwaji. Ki damƙi ƙasar a tafin hannu ki matse. Idan ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsu, ta jiƙe da yawa. Idan kin buɗe hannu ta zube nan take, yashi ya yi yawa. Wadda ake so ita ce ta tsaya a dunƙule, amma da kin taɓa ta da ɗan yatsa ta warware washar-washar kamar dambu.

Takin kaji ba ya wuya a Jos saboda yawan gidajen kaji, buhu-buhu ake sayar da shi. Amma ɗanyensa wuta ne. Wani dattijo mai lambu a bakin kogin Dilimi, wanda nake sayen dashe a wurinsa, na taɓa tambayarsa, na ce, "Baba, yaya ake gane taki ya nuna?" Ya tura hannunsa cikin tarin har gwiwar hannu, ya zaro, ya ce, "Hajiya, in kin ji ɗumi a ciki, ko warin ya daki hancinki har idonki ya kawo ruwa, bai yi ba. Ki bar shi sai ya huce, ya yi baƙi, ya koma ƙamshin ƙasa." Hanyar kuwa ita ce a tara shi a lungu, a jiƙa, a rufe da buhu, ana juyawa duk mako har wata ɗaya da rabi ko biyu. Kashin awaki da na tumaki ya fi sauƙin kai, busasshensa a daddaka shi kawai. Tokar itace ma tana da amfani, tafi ɗaya ya ishi buhu, amma ban da buhun dankalin turawa, don tana sa fatarsa ta yi ƙirci.

In kin cika buhu, ki bar yatsa huɗu daga baki, ki ba shi ruwa ya ƙoshi, ki bar shi kwana biyu ya zauna kafin shuka.

Alayyafo shi ya kamata kowa ta fara da shi, don ba ya ba da kunya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki cuɗa ɗan tsunkule da yashi cikin tafi, ki barbaɗa, ki rufe da ƙasa shafe-shafe. In kika binne shi da zurfi ba zai fito ba. Kafin mako ya cika za ki ga ya tsiro. Idan ya yi ganye huɗu ki rage shi, ki bar tsakanin gindi da gindi faɗin tafin hannu. Wannan ragewar ita ce mutane ke jin tausayin yi, alhali in an bar su cunkushe babu wanda zai yi kauri. Cikin mako huɗu zuwa biyar ya isa yanka. Kada ki tuge, ki yanke sama ki bar ganye biyu ko uku a ƙasa, zai yi rassa ya ninka. Bayan kowane yanka ki ƙara masa tafin taki. Salak shi ma haka ake yi masa, ana ɓallar ganyen waje a bar zuciyar. Shi ɗan sanyi ne, kuma garinmu da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 ya dace da shi, daga Oktoba har Fabrairu yana murna. Da zafin Maris ya shigo sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Lawashi kuwa ba ya buƙatar iri: ƙananan albasar da suka fara tsiro a kwandon kicin ki binne kowace rabi a ƙasa rabi a waje, shi ke nan. Na'a-na'a a ba ta mazubinta ita kaɗai, in ba haka ba za ta mamaye kowa.

Tumatir da attaruhu sai an yi reno. A zuba iri a tsohon faranti mai huji ko ƙasan jarka, a ajiye inda rana ke taɓawa da safe. Tumatir yakan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu. Attaruhu yana da nawa, da sanyi yakan kai mako biyu ko uku kafin ma ya leƙo, kada ki ɗauka ya mutu ki zubar. Ki sayi iri na leda ko gwangwani a shagon kayan noma, ki duba ranar lalacewarsa. 'Ya'yan da aka matso daga tumatirin kasuwa suna tsirowa, amma in iri mai aure ne, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar, abin da zai haifa ba zai yi kama da uwar ba.

Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar. Ki jiƙa renon tukuna, ki sa cokali ki ɗago kowane da ƙasarsa, ki riƙe shi ta ganye, kada ki matse karan. Tumatir ki binne shi har kusa da ganyen farko, don duk karan da ya shiga ƙasa saiwa zai fitar. Gindi ɗaya a buhu ɗaya, kuma ki kafa sandar da za ki ɗaure shi tun ranar, kafin saiwa ta bazu. Game da lokaci, ni ba na sa tumatir a fili tsakiyar damina. Ruwan Yuli da Agusta a Jos, ga hazo ga sanyi, shi ne abin da cutar ƙunar ganye ke so. Za ki ga tabo ruwan ƙasa a ganye, kwana kaɗan gindin ya yi baƙi gaba ɗaya. Ki yi reno a Satumba, ki dasa a Oktoba, ki ci tumatir da rani. In kuwa dole sai da damina, to a ƙarƙashin bakin rufi inda ruwan sama ba ya dukan ganye, kuma hakan na kare shi daga ƙanƙarar da kan sauko mana wani lokaci. Kuɓewa da yakuwa su ne na zafi da damina, da hunturu tsayawa suke cak.

Ban ruwa ba shi da ƙa'idar kullum sau kaza. Ki tura ɗan yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in da danshi ki bari, in a bushe ki zuba a gindi a hankali har ya fara ɗiga ta ƙasa. Iskar hunturu na busar da buhu fiye da yadda ake zato, don ta kowane gefe take shiga. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntu, ki jera buhunan kusa da juna su kare wa juna iska. Daga Fabrairu zuwa saukar ruwa, lokacin da rijiyoyi ke ja baya ana layin 'yan garuwa, nakan ajiye baho a inda ake alwala, in haɗa da ruwan wankin shinkafa da na ganye. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, ba su zuwa kusa da shuka. Tumatir ba ya son a bar shi da ƙishi yau gobe a cika shi, abin da ke sa gindin 'ya'yan ya yi baƙi ko su tsage ke nan.

Ruwa ba ya tsami banza, ganye ma ba ya yin rawaya banza. In na ƙasa ne suka fara kuma ƙasar a jiƙe take kullum, ruwa ya yi yawa ko hujin ya toshe. In ƙasar lafiya lau, yunwa ce. Ki ƙara taki, ko ki sa takin zamani NPK 15:15:15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, ki binne a gefen buhu nesa da kara, ki bi da ruwa.

Ƙwari a bayan ganye suke ɓuya, don haka duk safiya ki riƙa juya ganye kina dubawa. Darɓa da farin ƙuda in an kama su da wuri, ruwa da ɗan sabulun gargajiya ya ishe su. In sun yi yawa, ki daka busassun 'ya'yan darbejiya gwangwanin madara ɗaya, ki jiƙa a lita 2 na ruwa ya kwana, ki tace, ki fesa da yamma sama da ƙasan ganye, ki maimaita bayan mako. In kin ga farin zane a cikin ganyen tumatir, tsutsa ce ta shiga tsakaninsa, mai yiwuwa irin wadda manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kaduna da Kano a 2016 har tumatir ya gagari talaka. Ki cire ganyen ki ƙone. Don Allah kada a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a kan abin da za a ci. Kaji da ƙadangaru kuwa, da ke iya share reno cikin hantsi guda, tsohon gidan sauro a kan sanduna huɗu ya raba ki da su.

Mai sha'awar dankalin turawa tana iya gwadawa a buhu ɗaya ko biyu farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, kamar yadda manoman Bokkos da Mangu ke yi don ya yi ƙwari kafin cuta ta yi ƙarfi. A naɗe buhu ƙasa sosai, a sa ƙwaya biyu ko uku masu tsiro, yana girma ana warware buhun ana ƙara ƙasa a gindinsa. Duk ƙwayar da rana ta gani takan yi kore, kuma koren dankali ba a cin sa. Bayan kamar wata uku ganye zai bushe, sai a juye buhun a kan leda a tsince.

Ƙasar da aka juye ba zubar da ita ake ba. Ki baza ta a rana kwana uku, ki tsince tsofaffin saiwoyi, ki ƙara mata kashi ɗaya cikin uku na sabon taki. Sai dai kada ki mayar da tumatir ko attaruhu ko gauta cikin ƙasar da dankali ko tumatir ya fita, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ki sa mata alayyafo ko albasa ko wake tukuna, zagaye na gaba su dawo.